Audugar dutse a ƙarƙashin kwano: yadda na same ta bayan cire silin asbestos

A bazarar da ta wuce na sauya silin gidanmu, wanda aka kafa tun ina yaro da allunan asbestos masu ruwan toka, domin yoyon damina ya ci gefen wasu har sun fara zubar da gari a kan gado. Kafintan da ya karɓi aikin ya ba ni shawarar a shimfiɗa audugar dutse tsakanin kwano da sabon silin don rage zafi. Na amince, amma da na warware ledar farko na ga zaruruwa suna tashi cikin hasken rana, sai na fara tunanin ko gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi. Wadda na saya mai kaurin milimita 50 ce, kuma tun makon farko ɗakunan suka daina riƙe zafi har bayan isha'i, rugugin ruwan sama a kan kwano ma ya ragu ƙwarai. Ana yin ta ne da dutsen da aka narka a zafin da ya kai kimanin digiri 1,500, saboda haka ba ta kama wuta. Tana da tsada, kuma idan rufi yana yoyo dole a gyara shi tukuna.

Inda na saɓa da mai shagon da na saye ta a wurinsa shi ne cewar da ya yi, "Malam, wannan ba ta da illa ko kaɗan." Yaron kafinta ya yi ta yanka ta da wuƙa, daga shi sai singileti, kafin azahar kuwa ya koma gefe yana sosa wuya da damatsa, idanunsa sun yi jajur, yana tari. Sai da na sayo musu takunkumin ƙura da safar hannu da tabarau, na kuma sa suka sanya riguna masu dogon hannu, sannan aikin ya tafi daidai. Ƙaiƙayin ya lafa washegari bayan wanka da ruwan sanyi.

Sai dai wannan ƙaiƙayi, duk da ban haushinsa, bai kama ƙafar abin da asbestos yake yi ba, kuma bambancin yana cikin yanayin zaren ne. Zaren asbestos yana tsagewa a tsaye, ya yi ta sirancewa har ya kai ƙarshen huhu, inda yake zama shekara da shekaru jiki bai iya narkar da shi ba. Daga nan ne ake samun tabon huhu, da ciwon dajin huhu, da wani ciwon daji na tantanin da ya lulluɓe huhu, waɗanda sukan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin su bayyana. Zaren audugar dutse da ta gilashi kuwa a gicciye yake karyewa, ya gajarce ba tare da ya ƙara siranta ba, kuma yawancin wanda aka shaƙa yana narkewa cikin makonni ko watanni. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya kowane nau'in asbestos a rukuni na 1, wato abin da aka tabbatar yana haddasa cutar. A 1988 ta sa audugar dutse da ta gilashi cikin waɗanda ake zargi, amma a 2001 ta mayar da su rukuni na 3, wato abin da ba a iya yanke hukunci a kansa ba, saboda hujjar ba ta isa ba. Wannan ba wankewa ce ta baki ɗaya ba, domin zaren tangaran da ake lulluɓe tanderun masana'antu da shi yana nan cikin jerin waɗanda ake zargi. Mai saye ya nemi tambarin EUCEB a jikin leda, wanda ke nuna cewa zaren mai saurin narkewa a jiki ne. Kayan da ba su da suna ko takarda, ni dai ba zan kusance su ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a duk aikin shi ne ranar cire tsofaffin allunan. Tarayyar Turai ta haramta asbestos tun 2005, amma a nan kafintoci da guduma suke fasa shi, su share garin da tsintsiya. Na hana su, na sa aka jiƙa kowane allo da ruwa, aka zare ƙusoshi, aka sauke shi ɗungurungum aka naɗe a leda mai kauri, yara kuma suka kwana biyu a gidan kakarsu. Silin ɗakin baƙi bai tsage ba, don haka na bar shi yadda yake, aka shafa masa fenti sau biyu, na kuma gargaɗi mai gyaran wuta kada ya huda shi.