Rahoton 11 ga Satumba cikin zane ko Persepolis: wanne za a shiga aji da shi?

Malama, kin tambaya wanne daga cikin littattafan zanen nan biyu ya fi dacewa da ɗalibanki 'yan shekara 15 zuwa 17 a darasin ta'addanci da tarihin baya-bayan nan. Na karanta duka biyun, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Na farkon, wanda Sid Jacobson da Ernie Colón suka fitar a 2006, rahoton kwamitin binciken Amurka na 2004 ne kan harin 11 ga Satumba, 2001, mai shafi sama da 500, suka mayar da shi zane. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka jera jiragen saman nan huɗu da maharan suka sace, kowanne da layinsa, agogo yana tafiya: 8:46 na farko ya daki hasumiyar arewa ta Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York, 9:03 na biyu ya daki ta kudu, 9:37 na uku ya daki Pentagon (hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka), 10:03 na huɗu ya faɗi a Pennsylvania. Da ido yaro zai ga inda hukumomi suka yi sake har mutum 19 suka hallaka kusan 3,000. Sai dai muryar gwamnati ce, kuma wasu shafukan rubutu ya cushe su.

Persepolis kuwa daga cikin gida yake magana. Marjane Satrapi tana ba da labarin yarintarta a Tehran bayan juyin juya halin 1979 da lokacin yaƙin Iran da Iraƙi. Akwai wurin da mai aikin gidansu ta zo hankali a tashe, riƙe da makullin roba mai ruwan zinariya da aka bai wa ɗanta a makaranta, wai makullin aljanna ne idan ya mutu a fagen daga. Wannan shafin kaɗai ya isa a yini ana tattauna yadda ake hure wa matasa kunne.

Amma don Allah kada ki miƙa musu littafin sukutum. Marubuciyar ta zana Ubangiji a siffar tsoho mai farin gemu, abin da ya jawo zanga-zanga a Tunisiya a 2011 da aka nuna fim ɗinsa a talabijin. Iyaye ba za su lamunta ba, kuma da gaskiyarsu.

Ni dai da na farkon zan gina darasin, in ɗauko shafin makullin kawai daga na biyun. Kafin ki fara, ki bincika a asirce ko akwai ɗalibin da rikicin Boko Haram ya raba da wani nasa, ki ba shi damar fita ranar da za a buɗe shafukan jiragen.