Fah Talai Jone ko Dang Bireley: Wanne Za Ka Fara Kalla?

Masu neman finafinan ’yan daba na ƙasar Tailan sun sha tambayata wanne za su fara da shi tsakanin waɗannan finafinai biyu.

Dang Bireley na darakta Nonzee Nimibutr, wanda ya fito a 1997, labarin ’yan daban Bankok ne na shekarun 1950. Dang da abokansa tare suka taso, amma Pu da Dum suka koma abokan gabarsa, Piak kuwa ya riƙe amana. Fim ɗin yana da sauƙin fahimta, sai dai zubar da jininsa ba na wasa ba ne, kada a kalla da yara.

Fah Talai Jone na Wisit Sasanatieng, na 2000, kaboyi ne mai launuka rangaɗa-rangaɗa, har bikin finafinai na Cannes ya je a 2001. Ɗan fashi Dum (ba na Dang Bireley ba) da Mahesuan sun yi rantsuwar jini gaban gunkin Buddha, duk da haka Mahesuan ya ci amanarsa. Ni dai soyayyar Dum da Rumpoey ta ɗan danne mini zancen abotar, kuma salon yana buƙatar haƙuri.

Mai son ganin yadda zumuncin unguwa ke wargajewa ya ɗauki Dang Bireley. Mai son ado da soyayya, Fah Talai Jone ne nasa.