Sharhi Kan Rangadin Jagora Zuwa Tsohuwar Cocin Escomb

Daga cikin kamfanonin da ke kai baƙi wuraren tarihi a yankin Durham, a arewa maso gabashin Ingila, akwai wani ƙarami da ke shirya rangadin rabin yini zuwa cocin ƙauyen Escomb, kusa da garin Bishop Auckland, kuma shi ne na bi. Ra'ayina shi ne rangadin ya cancanci kuɗinsa, musamman saboda jagoran da ya san yadda ake karanta bango, ko da yake tsarin lokacinsa yana buƙatar gyara.

Masana suna danganta ginin cocin da wajen shekara ta 670 zuwa 675, abin da ya sa take cikin majami'un zamanin Angulo-Sakson (mutanen da suka zauna a Ingila bayan Rumawa) ƙalilan da suka tsaya kusan yadda aka gina su. Jagoran bai fara da jero shekaru ba. Ya zagaya da mu ta bangon arewa ne, ya nuna mana wani dutse mai ɗauke da rubutun LEG VI a kife, alamar runduna ta shida ta sojojin Rumawa. Daga nan ya bayyana cewa yawancin duwatsun an kwaso su ne daga kangon sansanin Rumawa na Binchester da ke kusa, kuma maginan sun aza dutsen ta fuskar da ta zauna daidai, ba tare da damuwa da abin da ke rubuce a jikinsa ba. Ya kuma sa mu duba zanen sassaƙar Rumawa da har yanzu ke jikin wasu duwatsun.

A ciki, zauren ibadar siriri ne mai tsayi, tagoginsa na asali ƙanana ne daga waje amma suna faɗaɗa ta ciki domin su baza haske. Bakan da ya raba zauren da wurin bagadi shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin masana da yawa suna ganin an ɗauko shi ne daga wani ginin Rumawa aka sake haɗa shi a nan. Na yaba da yadda jagoran ya bambanta abin da aka tabbatar da abin da ake zato, hali da ba kowane mai wannan sana'a yake da shi ba.

Labarin yadda cocin ta tsira ya fi komai muhimmanci. Da haƙar kwal da sarrafa ƙarfe suka ƙara yawan jama'ar yankin, ginin ya yi musu kaɗan, sai aka gina sabuwar coci a 1863, aka bar tsohuwar har rufinta ya lalace. Wannan watsi da aka yi da ita ya kare ta daga irin gyaran wancan zamani, wanda ya kan rushe tsohon bango a sake shi bisa son ran mai zanen gini, ɓarnar da ta sa William Morris, mai zane kuma marubuci ɗan Ingila, ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. An gyara cocin Escomb tsakanin 1875 da 1880, kuma bayan kusan ƙarni guda ta koma cocin ƙauyen, aka rushe sabuwar a 1971.

A daidai nan ne rangadin ya gaza. Jagoran ya fara bayanin dalilin da ya sa ake cike tsakanin tsofaffin duwatsu da farar ƙasa maimakon siminti, wato saboda siminti yana tare danshi a cikin bango har dutsen ya riƙa marmashewa, sai direban ya matsa a tashi domin a cimma zango na gaba. Ban sami damar tsayawa sosai a gaban agogon rana na bangon kudu ba, wanda ke cikin mafi tsufa a Ingila, balle in zagaya maƙabartar da ke kewaye da cocin mai siffar da'ira. Wanda gyaran gini ne ya kawo shi, gara ya tambayi kamfanin tun kafin ya biya ko za a iya tsawaita tsayuwa a Escomb, ya kuma haɗa da ziyarar Binchester domin ya ga inda duwatsun suka fito.