Sharhi kan Suspiria, fim ɗin ban tsoro na Dario Argento

Na kalli Suspiria, fim ɗin da Dario Argento ɗan ƙasar Italiya ya ba da umarni a shekarar 1977, a kwafin da aka sabunta hotonsa, kuma a ganina ƙarfinsa ba a labari yake ba. Labarin kansa gajere ne. Wata budurwa 'yar Amurka mai suna Suzy, wadda Jessica Harper ta fito a matsayinta, ta isa birnin Freiburg na Jamus cikin dare ana tafka ruwan sama domin shiga makarantar koyon rawa, sai aka fara kashe mutanen makarantar ta hanyoyi masu muni, har ta gano cewa wasu matsafa mata ne ke riƙe da wurin.

Abin da ya riƙe ni shi ne launi. Argento da mai ɗaukar hotonsa, Luciano Tovoli, sun cika ɗakuna da ja da shuɗi da kore masu tsananin haske, kuma an buga kwafin fim ɗin ne da tsohuwar fasahar buga launi a fim ta Technicolor a lokacin da ake gab da daina amfani da ita. Saboda haka bango da labule da fuskokin 'yan wasa ba su yi kama da na duniyar da muka sani ba, mai kallo yana jin kamar yana cikin mummunan mafarki tun kafin a zubar da jinin kowa. Har mariƙin ƙofofi an ɗaga su sama, domin manyan 'yan mata su yi kama da ƙananan yara idan sun miƙa hannu. Kiɗan ƙungiyar Goblin ya ƙara wa al'amarin nauyi, da ƙararrawa da ganguna da raɗe-raɗen muryoyi da ke tashi tun ba a ga wani abin tsoro ba. Wurin da makahon makaɗin piyano na makarantar ya tsaya shi da karensa a tsakiyar wani fili cikin dare ya fi tayar mini da hankali, alhali babu kowa a kusa da su.

Fim ɗin yana da rauni, kuma ba ƙarami ba ne. An ɗora muryoyin 'yan wasa ne bayan an gama ɗauka, kamar yadda aka saba a Italiya a wancan zamani, don haka sau da yawa baki ba ya tafiya tare da magana. Wasu maganganun ba su da armashi, ƙarshen kuma ya zo da gaggawa idan aka kwatanta da tsawon jiran da aka sa mai kallo.

Akwai zubar da jini sosai tun daga kisan farko, don haka bai dace da yara ba. Wanda ya fi son labari mai sarƙaƙiya da bincike zai fi gamsuwa da Profondo Rosso, wanda Argento ya yi a 1975. Shi kuwa Suspiria yana buƙatar babban allo da sauti mai kyau, domin a kan waya rabin aikin da aka yi a cikinsa ɓacewa yake yi.