Shekara biyu da rigar Material a kan littafin aikinmu

Sana'armu a Garwa haɗa famfon sola ne a rijiyoyin burtsatse, daga Pitowa har Gidar da Figil. A da bayanin aikinmu a warwatse yake: wani a kwamfutata, wani hoton takarda ne a WhatsApp, wani kuma a kan babban ma'aikacinmu kaɗai. Yaro ya je ƙauye, inbata, na'urar da ke juya wutar sola, ta nuna lambar matsala, sai ya kira ni: "Maigida, me wannan ke nufi?" Wannan kiran ne ya sa na zauna na tattara komai wuri ɗaya.

Abin da na ɗauka shi ne MkDocs, manhajar Python da ke mayar da rubutun Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari, zuwa shafukan intanet tsayayyu, waɗanda ba sa buƙatar rumbun bayanai a bayansu. Na sa mata riga, wato tsarin kamannin shafuka, da ake kira Material for MkDocs, wadda Martin Donath ya fara a 2016. Kyauta ce, ko sefa ɗaya ban biya ba. Girka ta layi ɗaya ne, pip install mkdocs-material, sai ka rubuta sunanta a fayil ɗin mkdocs.yml. Da ka buga mkdocs serve littafin zai bayyana a burauzarka, duk gyaran da ka yi kana ganinsa nan take. Da la'asar na fara, kafin isha'i shafi goma sun tsaya da kyau, har da akwatunan gargaɗi masu launi da nake sa wa duk wurin da wutar farantin sola za ta iya kama mutum.

Amma ba kyau ne ya riƙe ni ba. Inda muke aiki sau da yawa babu sabis, a gari ma idan zafi ya tsananta, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, wuta ɗauke-ɗauke take yi. Littafin da sai da intanet zai buɗu ba shi da amfani a gindin tanki. Rigar tana da ƙari mai suna offline, wanda ke sa littafin duka, har da akwatin bincike, ya yi aiki daga folda a kwamfuta. Sai dai shi kaɗai bai isa ba. A yadda ta zo, rigar daga Google take jawo salon haruffa, akwai kuma ɗan fayil da binciken ke nema daga waje. Sai ka kunna ƙari na biyu, privacy, wanda ke sauko da waɗannan duka lokacin gina littafin. Da na haɗa su biyu, na kwafe foldar site, inda littafin da aka gina yake fitowa, a filash, na ba kowace tawaga. Tun daga nan kiran ya ragu sosai.

Harshe ne inda na fi shan aiki, kuma nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Yaranmu wasu da Faransanci suka yi karatu, wasu Hausa ko Fulatanci suka fi ganewa. Na sa maɓallan rigar a Faransanci, bayanin aiki kuma na rubuta shi da Hausa. Don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai a tsofaffin kwamfutocinmu, na canza haruffan daga Roboto zuwa Noto Sans. Matsalar da ta rage ita ce bincike: wanda ya buga "karfe" da k mara lanƙwasa ba zai sami shafin da na rubuta "ƙarfe" ba, kuma yawancinsu haka suke bugawa. Ban yarda in lalata rubutun ba. Sai na riƙa sa kalmomin mara lanƙwasa a alamun kowane shafi mai muhimmanci.

Kula da ita ba wuya in ka kame hannunka. Launi da tambarin shagonmu a ƙaramin fayil na CSS, mai tsara kamannin shafi, na sa su. Da farko na kwafe gindin shafi gaba ɗaya zuwa foldar overrides, inda ake sa abin da zai maye gurbin na rigar, na yi masa gyara, daga baya na gane duk abin da ka kwafe ya zama naka, duk sabuntawa sai ka bi shi layi-layi. Na cire shi, na bar gurbi ɗaya kawai. Na kuma rubuta ainihin lambar sigar da muke amfani da ita a requirements.txt, fayil ɗin jerin manhajojin da za a girka, ba na sabuntawa sai damina ta kankama aiki ya lafa.

A ƙarshen 2025 masu ita suka sanar cewa sun daina ƙara mata sababbin abubuwa, sun mayar da hankali kan wata sabuwar manhaja mai suna Zensical. Labarin ya taɓa ni, amma bai tayar min da hankali ba. Rubutunmu Markdown ne, fayilolin suna hannunmu, littafin da ke cikin filash kuma gobe ma zai buɗu. Makon jiya wani yaronmu ya gyara famfo kusa da Figil shi kaɗai, sai da ruwa ya hau tanki sannan ya kira ni.