Jama'a masu hoto a Legas ku yi hattara, naira 185,000 aka ci min a kan gilashin kyamara

Wallahi da ba zan rubuta ba, amma abin ya ƙi barina in yi barci. Naira 185,000. Kuɗin da na tara daga hoton suna da biki a Agege da Idi Araba, kuma kafin wani ya zo min da "ya aka yi ka yarda" ya tsaya ya karanta tukuna, ni ba baƙon kyamara ba ne.

Nikon D5300 nake riƙewa, da gilashin nan 18-55 da take zuwa da shi. Da rana ba shi da laifi, amma magariba na yi shi ke nan, idan ka ja shi zuwa 55 don matso da abu kusa, buɗinsa 5.6 ne, wato ƙofar shigar haske ta ƙanƙance, haske ba ya isa, ka je Obalende da dare ka ce za ka ɗau mai tsire da hayaƙinsa ka ga abin da zai fito. Ni kuma hoton titi nake so, danfo a Oshodi, masu sauke kwandunan tumatir a Mile 12 da asuba. Na san abin da nake nema sarai, gilashin 35mm f/1.8G na Nikon, wanda ya fito a 2009, mai babban buɗi da ke shigar da haske sosai. Sensar kyamarata ƙarama ce, duk gilashin da ka sa sai ka ninka da 1.5, to 35 sai ya koma wajen 52, daidai wa daida. Shi kuma 50 ya zama 75, ya matso da komai kusa sai ka ja da baya, ka shiga Balogun da wannan ina za ka ja da baya? Bayanka mai baro ne, gabanka mai baro ne.

A wani gurup na WhatsApp na masu hoto na ga tallarsa. Da Turanci muka fara da mai kayan, yana ganin sunana ya juya Hausa, "A'a ɗan'uwa ashe na gida ne." Hausarsa tas. To ga inda nake ta dawowa ina juyawa a raina. Na tambaye shi wani 50mm f/1.4 da ya sa a 260,000, mutumin nan da bakinsa ya ce min, "Malam kar ka sayi wannan, a kyamararka zai matse maka a titi, ka ɗau 35 ɗin ya fi maka kuma ya fi sauƙi." Shi ya hana ni sayen mai tsada! Ku faɗa min tsakani da Allah, wanda ya zo cutarka zai hana ka ba shi 260,000 ya ce ka kawo 185,000? Waye ba zai yarda ba? Har ya ce in ba shi minti goma zai yi la'asar ya dawo. La'asar fa.

Kuma ban tura ko sisi ba sai da muka yi bidiyo kol. Na ga gilashin da idona, na ce ya juya shi ya juya, na ce ya haska fitilar waya ta baya ya haska, fes, na rubuta lambar siriyal, tana nan a littafina. Me ya rage ban yi ba?

Da na buɗe kwalin... a'a bari, kafin nan akwai maganar shago. Ya ce shagonsa na Computer Village amma ya tafi Ibadan ɗauko kaya, akwai wani da ke son gilashin daga Yaba, shi dai ya fi so ya bar wa ɗan'uwa. In tura 120,000 ya riƙe min, ragowar 65,000 sai kaya sun iso hannuna. Ina ganin ma maganar la'asar ɗin bayan na tura 120,000 ɗin ne, ko kafin nan, kaina ya ɗau zafi, zan duba a cat ɗin. Sunan akawun ɗin ba nasa ba ne, na yi magana ya ce na matarsa ne, kuma nawa ne a cikinmu suke karɓar kuɗi ta akawun ɗin wani a garin nan.

Ɗan babur mai kai saƙo ya same ni ƙarƙashin gadar Pen Cinema, ko hular kwanonsa bai cire ba, kwali an naɗe shi da salatif rijim, yana ta "oga abeg", shi kuma wancan yana kira yana cewa "ɗan'uwa sallami yaron nan yana da sauran wurare." Na ga kwalin Nikon mai ruwan gwal, na jijjiga na ji nauyi, na tura 65,000. 120 da 65.

A gida na buɗe. Tsohon 35-70 ne na zamanin fim, robar jikinsa tana danƙo a hannu. Irin wanda ba shi da mota a cikinsa, ɗan injin nan da ke saita hoto ya fito fes (fokos), D5300 kuma ita ma ba ta da motar juya irinsa, wato ko lafiyarsa ƙalau ba zai taɓa yin fokos da kansa a kyamarata ba. Na haska fitila na ga fumfuna ta yi fari ta bazu a ciki kamar saƙar gizo-gizo. Na kira shi jikina na rawa, kun san me ya ce? "Haba ɗan'uwa, ai akwai 35 a ciki." Akwai 35 a ciki! Ya kashe waya ya yi bulokin ɗina, tallar ma ya goge.

Na kai wa wani mai gyara a Ikeja, ya ɗaga ya duba ya ce fumfunar ta ci rufin gilashin, ko an wanke tabon na nan, kuɗin gyaran ya fi kuɗin kayan. Na zaga layin da ya kwatanta min shagon, ba wanda ya taɓa jin sunan. Yayana da ke canji ya ce "kai da kake koya wa yara hoto?" Ban ce masa komai ba, shi ai bai ji muryar mutumin ba lokacin da yake hana ni sayen na 260,000.

Kar ku tura kafin alƙalami. Ku je da kyamararku ku ɗaura gilashin, ku ɗau hoto, ku haska fitila, ku duba siriyal, sannan kuɗi.

Sikirinshot ɗin cat ɗin da rasit biyun duk suna nan, da muryarsa inda yake cewa ɗan'uwa, zan ɗora anjima idan na rufe lambobina. Admin ɗin gurup ɗin kuma ina jiran ka faɗa min wanda ya sa shi a ciki, don wani daga Alaba Rago ya yi min magana yanzu, shi ma 35 ɗin aka nuna masa a bidiyo, na tura masa siriyal ɗin da na rubuta ya ce ita ce. Ban yafe ba, 185,000 ɗina wallahi ban yafe ba.