Wata shida a ajin gardama: yadda musun ƙwallo da kokowa ya buɗe mini baki da Ingilishi

Tun da maƙwabtana na kasuwa suka ji ina amsa salula da Ingilishi, tambayar ba ta yanke ba: ina kake zuwa, nawa ake biya, kuma da gaske ne ƙwallo kawai kuke musu a kai? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu tsakanin ciniki, shi ya sa na zauna in rubuta abin da na gani a wata shida, mai daɗi da marar daɗi. Zan riƙa cewa Ingilishi, domin mu a nan Maradi idan aka ce Turanci, sau da yawa Faransanci ake nufi.

Kayan salula nake sayarwa a babbar kasuwa: caja, batir, gilas, abin kunne. Wasu kayan daga Kano suke zuwa, wasu daga Legas. A Kano Hausa ta wadace ni. Mutanen Legas kuwa sai na nemi ɗan tsakiya, shi ya yi magana, shi ya yanka nasa. Na yi Ingilishi a kwaleji kamar kowa, tun daga siziyam, wato ajin farko, har ajin da ake zana jarrabawar BEPC, shekara huɗu cur. Abin da na fita da shi jerin kalmomin aikatau ne da muka haddace don jarrabawa. Ko farashin kaya ban iya tambaya ba. Na gwada wata manhaja ta salula mako biyu, kuɗin intanet ya ƙare, jimlolin da take ba ni kuma babu wadda ta shafi rayuwata.

Ajin da nake magana a kai a tsakar wani gida ake yin sa a unguwar Zariya, bayan isha'i, ran Litinin da Laraba da Asabar. Jaka biyar ake biya a wata, wato sefa 5,000. Benci huɗu ne, da tabarma, da allo ɗaya jingine da bango. Malamin ɗan garin nan ne da ya yi karatu a Najeriya. Yayana ne ya kai ni, ya ce, "Je ka zauna ka saurara kawai, ba wanda zai tilasta maka magana."

Da niyyar sauraro na je. Gardamar daren ita ce tsohuwar nan ta kowace fada: Messi da Ronaldo. Wani yaro ɗan lise ya miƙe, ya ce da Ingilishinsa mai tsabta Ronaldo ya fi, domin ya ɗauki kofin zakarun Turai sau 5, Messi kuwa 4. Aka tafa masa. Ni kuma tun ina yaro Barcelona nake bi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce Qatar, na ce 2022, na ce kofin duniya, na ɗaga yatsu takwas don Ballon d'Or. Jimla ɗaya cikakkiya ban haɗa ba, amma kowa ya gane ni, har ɓangaren yaron suka fara mayar da martani. Malam bai gyara mini komai ba a lokacin. Sai da aka tashi ya ce, "Ƙanena, ka yi magana da Ingilishi gaban mutum ashirin, ka lura?"

Nan ne hikimar ajin take, a ganina. A lakwal tambayar malam muke amsawa, tambayar da ya riga ya san amsarta, saboda haka babu abin da ke ingiza ka in ba tsoron bulala ko maki ba. A musu kuwa akwai maganar da ba za ka iya haɗiyewa ba. Zafin son ka kare naka ya fi kunyar yin kuskure ƙarfi, kuma kunyar nan ce ta ɗaure yawancinmu shekara da shekaru.

Kada a ɗauka hayaniya ce kawai irin ta gidan kallo. Akwai tsari. Kwana ɗaya kafin zama, Malam yana turo batun ta WhatsApp tare da kalmomi takwas ko goma. Idan aka hallara sai ya raba mu biyu, kuma sau da yawa da gangan yake sa mutum a ɓangaren da ba ya so. Ni an sa na kare Real Madrid, na tsaya da bakina ina lissafa kofi 15 da suka cika a 2024. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin zuciya ba ta taimaka maka, sai ka nemo hujja da kalma. Kowa minti ɗaya yake samu. Doka ɗaya ce ba ya sassautawa: duk abin da ka faɗa sai ka bi shi da "because", ka kawo dalili. Wanda ya zame ya yi Hausa ko Faransanci tarar dala goma ce, wato sefa 50, a haɗa a sayi shayi da sukari. A ƙarshe yana rubuta kurakurai uku a allo ba tare da ya faɗi mai su ba, mu gyara tare.

Nahawu kuma ta bayan gida yake shigowa. Kwatanta 'yan wasa biyu ya koya mana yadda ake cewa wane ya fi wane, wane ya fi kowa. Ba da labarin wasan da aka yi jiya ya tilasta mana aikatau na abin da ya wuce, wato jerin nan da na haddace a kwaleji ban san amfaninsa ba. Daren da muka tattauna wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, Fabrairun 2024, wanda Kodebuwa ta ci Najeriya 2 da 1, nan muka koyi jimlar "da an yi kaza, da kaza ya faru", domin rabin ajin magoya bayan Najeriya ne kuma kowa yana da nasa da-na-sanin. Sai kuma furuci. Bakinmu bai saba raba harafin p da f ba, mu Maradawa ma f ɗin kanta muna karkatar da ita zuwa h. Malam ya sa mu riƙe 'yar takarda gaban leɓe: in ka furta p daidai, takardar za ta motsa. Na yi kwanaki ina gwadawa a rumfa idan ciniki ya lafa.

Daren da ba zan manta ba shi ne na kokowa. Batun shi ne: in gwamnati na da kuɗi kaɗan na wasanni, a zuba su a kokowar gargajiya ko a ƙwallon ƙafa? Masu ƙwallo suka tuna mana Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, ta je kofin Afirka a 2012 da 2013, suka ce ƙwallo ne duniya ke kallo. Wata ɗaliba ta jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta ce duka ɓangarorin sun manta cewa lambobin Olamfik na Nijar daga faɗa suka zo: tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich, 1972, da azurfar Alfaga a takwando a Rio, 2016. Ni ina ɓangaren kokowa. Na kawo Kantu, ɗan Maradi da ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, wanda filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa, na kawo Issaka Issaka na Doso da ya sha ɗaukar takobi, na ce jihohi takwas ne ke tsayar da aiki su manne da rediyo da talabijin idan ana gasar.

Sai Malam ya canza wasan. Ya ce shi baƙo ne daga Gana, bai taɓa ganin kokowarmu ba, mu bayyana masa. Nan muka sha wuya. Kalmomin ƙwallo suna nan a shirye, mun ji su a bakin masu sharhi, wasu ma sun shiga Hausa: gola, fenariti, kwana. Amma kirari fa? Guraye da layu? Makaɗi da ke zuga ɗan kokowa har tsigar jikinsa ta tashi? Babu kalma ɗaya da za ka ɗauko. Dole ka zagaya: mutum ne ke faɗin sunansa da na kakanninsa da ƙarfi, yana yabon kansa don abokin karawa ya ji tsoro. Mun kai kusan awa a kan haka, muna ƙarawa juna, baƙon Gana yana ta cewa bai gane ba. Wannan zagayen, wato iya bayyana abu idan kalmarsa ta ɓace maka, shi ne abin da ya fi yi mini amfani a duk abin da na koya, domin a ciniki kullum akwai kalmar da ba ka da ita.

Ran Asabar ba wasanni ake yi ba, karatu kansa ake sa wa a gaba. Me ke sa mutum ya ɗore a karatu, tsoron faɗuwa ko kwaɗayin abin da zai samu? Karatun asuba ya fi ko na dare? Wata rana aka kawo wanda ya taɓa kowa: a Maradi, yaro ya bi kasuwa ko ya bi lakwal? Garin alhazai ne, gari da gyaɗa da fatauci da Najeriya suka gina, kowa ya san attajirin da bai zauna a benci ba. Wani mai kabu-kabu da ke da BAC, takardar kammala lise, a aljihu ya yi magana da ɗaci, Ingilishinsa na karyewa amma ba ya tsayawa. Wani ɗalibi ya amsa masa cewa tun 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, saboda haka ƙofofi za su buɗe wa mai harshe uku. Ni da na bar lakwal da ƙafata, ɓangaren lakwal aka sa ni. Na tsaya ina faɗin abin da ɗan tsakiya ke ci a kaina kowane wata saboda rashin harshe ɗaya. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba ko da Hausa.

Duk da haka na yi rauni. Da zafin bazara ya tsananta, ga gajiyar kasuwa, na yi mako uku ban leƙa ba, kuma a raina na riga na bari. Abin da ya dawo da ni saƙon murya ne daga yaron nan ɗan lise, da Ingilishi ya fara, ya ƙare da Hausa: "Yaya, ran Laraba Barça da Real ne, ba mu da mai tsaya wa Barça, Malam ya ce in ba ka zo ba ni za a sa." Na je. Mun sha yin musu a kan abin da ke riƙe ɗalibi, amma ni abin da ya riƙe ni shi ne akwai mutanen da suka lura ba na nan.

Yanzu ga inda ajin ya gaza, kuma na faɗa wa Malam wannan ido da ido. Rubutu kusan babu. Bakina ya buɗe, amma har yau in zan tura saƙo na layi uku sai na duba ƙamus na salula sau da yawa. Wanda ke shirin jarrabawa kada ya dogara da nan kaɗai. Na biyu, masu baki suna cinye lokaci. Minti ɗaya ake cewa, amma idan musu ya yi zafi mutum huɗu ko biyar ne ke ta maimaitawa, mai sanyin hali ya biya jaka biyar ya koma gida da jimla biyu. Tarar nan ta dala goma ma, da take sa wasu ƙoƙari, wasu rufe musu baki take yi gaba ɗaya. Da na fara mu ashirin ne, yanzu mun haura talatin a tsakar gida ɗaya, in an ɗauke wuta sai fitilar salula a haska allo.

Abin da ya fi damuna shi ne mata. Uku na tarar, ɗaya ta rage, ita ce ɗalibar jami'ar nan, kuma ta fi mu duka iya kawo hujja. Sauran biyun sun gaji da Turai da kofunanta, ga lokacin bayan isha'i bai dace da su ba. In da za a buɗe zama na la'asar, a faɗaɗa batutuwan, na tabbata da ƙanwata ma ta zo. Wanda kuma bai taɓa yin Ingilishi ko kaɗan ba, ina ganin ya fara samun wata biyu na harufa da gaisuwa a wani wuri, in ba haka ba zai zauna kamar kurma a gidan biki. Ajin ya fi dacewa da irina, masu tarin kalmomi a ka da suka kasa fita.

Zan ci gaba da biya. Watan jiya aka kawo mini kwalin caja daga Legas, kusan rabi ba sa aiki. Da can sai in kira ɗan tsakiya in jira. Wannan karon ni na kira mai kayan da kaina. Ya ce a hanya suka lalace. Na ce a'a, na kawo dalili, kwalin a rufe ya iso, babu inda ya lotse, kuma duk masu matsalar lamba ɗaya ce a jikinsu. Kalmar lotsewa ban san ta ba, na zagaya har ya gane. Mun kai minti goma muna ja, ya yarda zai musanya a kaya na gaba. Sun iso ran Alhamis ta Dan Isa da ke bakin iyaka, na gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk suna ci.